Yadda Ake Mayar da Awon Garin Koko Daga Kofi Zuwa Giram, da Daga Giram Zuwa Kofi

Garin kokon da zan yi magana a kai ba wanda ake damawa da safe a sha da ƙosai ba ne. Wancan garin cakulan ɗin nake nufi, mai ruwan ƙasa, mai ɗaci, wanda ake zubawa a kek da biskit. Na fara da wannan ne don na taɓa aiken ɗan maƙwabta kasuwar Wunti, na ce masa garin koko rabin kilo, ya dawo mini da ƙullin gero har da citta da kanumfari a ciki, ya tsaya yana jiran tukwici.

Na jima ina yin kek na biki da suna da walimar sauka a nan Bauchi, kuma a farkon sana'ar babu abin da ya ba ni wuya kamar awon koko. Fulawa tana da yafiya, in kin ɗan wuce ba a cika ganewa ba. Koko ba shi da ita. Akwai wani kek na kamu da ba na mantawa. Resipin ya ce kofi ɗaya, sai na tura kofin cikin bokiti na dumbuzo, na danna da yatsu don ya cika sosai, a tunanina kirki nake yi wa masu biki. Kek ya fito baƙi wuluk, ya tsage a ka, cikinsa ya bushe yana marmashewa, ga ɗaci kamar an jiƙa maɗaci a ciki. Uwar amarya ta gutsuri kaɗan, ta tauna, ta ce, "Sannu da ƙoƙari, 'yata." Ba ta ƙara ko kalma ba, ni kuwa na fahimta. Daga baya da na sayi sikeli na maimaita irin wannan ɗibar don in gani da idona, sai ga giram 115, a wurin da mai resipin take nufin 85.

Dalilin a fili yake. Kofi wuri yake aunawa, sikeli kuma nauyi. Garin koko yana da laushi ƙwarai, iska tana shiga tsakaninsa, in an girgiza ko an danna sai iskar ta fita ya kwanta. Duk wadda ta taɓa tsayawa gaban 'yan awo a kasuwar Muda Lawal ta san mudun da aka zuba a hankali daban yake da wanda aka bubbuga aka sa masa hannu, alhali mudun ɗaya ne. To koko ya fi garin masara da garin rogo wannan hali nesa ba kusa ba. Saboda haka lambobin da zan ba ki ba za su yi miki amfani ba sai in hannunki yana zuba garin yadda aka zuba shi lokacin da aka fitar da su.

KAYAN DA ZA KI TANADA

Sikelin kicin mai batir, wanda yake nuna giram ɗaya-ɗaya. Sikelin mai nama ko na mai tumatir, mai allura, ba zai yi ba, shi sai abu ya kai rabin kilo yake fara faɗin gaskiya. Sai jerin kofunan awo na kayan gari, waɗanda ake shafe bakinsu: cikakke, rabi, sulusi da kwata. Jug mai layuka a jiki na ruwa da madara ne, ki bar shi a gefe. Sai cokulan awo, babba da ƙarami, da rariya mai ƙananan ido, da wuƙa mai miƙaƙƙen baya ko rula mai tsabta, da faranti ko takarda da za ki shimfiɗa don garin da ya zube ya koma mazubi. Ki ajiye biro da littafi kusa.

In ba ki da sikeli ko kofin awo, kada ki rufe shafin, mataki na 7 naki ne. Amma ki karanta na gabansa tukuna.

MATAKI NA 1: KI GANO KOFIN DA MAI RESIPI TAKE NUFI

Kofin Amurka yana cin mililita (mil, ko ml a rubuce) 237, ana zagaye shi a ce 240. Kofin da ake amfani da shi a Ostireliya da wasu ƙasashe mil 250 ne. Duka biyun suna shigowa kasuwanninmu, ki juya hannun kofinki za ki ga an rubuta. Ga koko, tazarar da ke tsakaninsu giram uku zuwa huɗu ce a kofi guda, ba za ta ɓata kek ɗaya ba, amma gara ki san wanne ne a hannunki.

Babban cokali mil 15 ne, ƙarami mil 5, wato ƙanana uku su ne babba ɗaya. A rubuce za ki ga tbsp, shi ne babba, tsp kuma ƙarami. Harafi ɗaya ne ya raba su, kuma na ga wadda ta ninka koko sau uku saboda shi. Babban cokali 16 ne suke cika kofi mai mil 240. Ostireliya ce ta fita daban, nata babban cokalin mil 20 ne.

Cokalin da muke cin shinkafa da shi ba cokalin awo ba ne. A kwandon cokulana akwai mai zurfi, akwai shimfiɗaɗɗe, akwai wanda ya lanƙwashe tun kayan aure, ba biyu da suke ɗaukar abu ɗaya.

MATAKI NA 2: KI FARFAƊO DA GARIN

Kokon da ya kwana biyu a gwangwani ko bokiti ya riga ya danne kansa. Kafin ki ɗiba, ki sa cokali mai yatsu ki motsa shi har ƙasa, ki farfasa gudajin. In damina ce, musamman a watan Agusta da sanyin ruwa ke shiga komai, za ki tarar ya cuccure, to sai an bi ta rariya. Da hunturu kuma akasin haka ne, ya bushe ya yi shara-shara, yana tashi yana manne wa roba. Ki kashe fanka kafin ki buɗe murfin, in ba haka ba rabin kuɗinki zai ƙare a kan mayafi da labule.

Akwai wani ɗan tarko a nan. In resipi ya ce a tankaɗe sannan a auna kofi ɗaya, garin zai fi sauƙi, yakan sauko wajen giram 75. In ya ce a auna kofi ɗaya sannan a tankaɗe, wannan shi ne awon da aka saba. Wadda take aiki da sikeli ba ruwanta da wannan, giram 85 ko an tankaɗe ko ba a tankaɗe ba yana nan 85.

MATAKI NA 3: YADDA AKE CIKA KOFI

Nan ne aikin yake, ki ba shi hankalinki.

Ki ajiye kofin a kan faranti, kada ki riƙe shi a hannu, domin hannu yana girgiza abu ba da sanin mai shi ba. Ki ɗauki cokali ki riƙa ɗibo garin kina zubawa daga ɗan sama, a hankali, kamar mai barbaɗa yaji a kan tsire. Ki ci gaba har ya cika ya yi tozo. Za ki ga gefe-gefe kamar akwai ramuka, zuciyarki za ta ce ki ɗan bubbuga kofin a tebur don ya zauna. Kada ki yi. Bugu biyu kacal sun isa su saukar da garin ƙasa da baki, ki ƙara wani, ki shiga giram casa'in da wani abu. In akwai rami na gaske, ki tura gari cikinsa da bakin cokali ba tare da dannawa ba.

Sai ki ɗora bayan wuƙa a kan bakin kofin, a tsaye ba a kwance ba, ki ja sau ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan. In kin kwantar da wuƙar, shafawa za ta yi tana cusa garin ciki. Abin da ya rage a kofin, a shafe daidai baki, shi ake kira kofi ɗaya.

Haka ake yi wa cokali. Shi ba laifi ki tsoma shi cikin garin da kika riga kika motsa, amma kada ki matse shi a jikin gwangwani wajen fitowa, kuma dole a shafe. Koko yana da riƙon juna, yakan yi tozo mai tsayi a kan cokali bai zube ba, cokali ɗaya mai tozo yana iya kai nauyin biyu shafaffu.

MATAKI NA 4: DAGA KOFI ZUWA GIRAM

In kin cika yadda na faɗa, kofi mai mil 240 yana ɗaukar garin koko zalla, marar sukari, giram 85 ko kusa da haka. Wannan ce uwar lambobin, sauran duk daga ita suka fito:

Ƙaramin cokali 1: giram 2 ba kaɗan
Babban cokali 1: giram 5 da ɗan ɗoriya
Kwatan kofi, wato babban cokali 4: giram 21
Sulusin kofi, wato babba 5 da ƙarami 1: giram 28
Rabin kofi, wato babba 8: giram 42
Kashi biyu cikin uku na kofi: giram 57
Kwata uku, wato babba 12: giram 64
Kofi 1: giram 85

In kofinki mai 250 ne, cikinsa giram 88 zuwa 90.

Za ki shiga intanet ki ga wani ya rubuta kofi ɗaya giram 100, wani ma ya haura haka. Ba lallai ƙarya suke yi ba, hannunsu ne ya bambanta, su masu tsoma kofi ne su dumbuzo. Don haka in mai resipi ta rubuta kofi ta kuma rubuta giram a gefe, ki bi giram ɗinta ki manta da jadawalina, ita ta san abin da ta zuba. Sai in kofi kaɗai ta ba ki ne za ki koma ga 85. Ni in ina shakka nakan tsaya a ƙasa. Kek ɗin da kokonsa ya ɗan gaza ana cinye shi ba a ce komai ba, wanda kokonsa ya yi yawa kuwa a faranti ake barinsa.

Kuskuren da ya fi yawo a rukunonin WhatsApp na masu koyon kek shi ne wai kofi ɗaya giram 250 ne ko da mene ne a ciki. Ruwa ne kaɗai mil ɗaya yake daidai da giram ɗaya. Kofin sukari giram 200 ne, na fulawa 120 zuwa 125, na koko 85. Wadda ta auna koko giram 250 a matsayin kofi ɗaya ta zuba kofi uku.

MATAKI NA 5: DAGA GIRAM ZUWA KOFI DA COKALI

Wannan na ranar da resipi ya zo da giram, ke kuma kofi ne a hannunki ko batirin sikeli ya mutu ana tsaka da aiki.

In abin kaɗan ne, ƙasa da giram 30, ki raba da 5, abin da ya fito shi ne yawan babban cokali. Giram 10 cokali 2, giram 15 cokali 3, giram 20 cokali 4. In ya fi haka, rabawa da 5 tana fara zarcewa, saboda cokalin ya ɗan fi giram 5, ɗoriyar tana taruwa. Sai ki nemi kofin da ya fi kusa daga ƙasa, ki cike ragowar da cokali.

Misali giram 50. Rabin kofi 42 ne, saura 8, wato babban cokali ɗaya da rabi. Giram 30: sulusin kofi da ƙaramin cokali ɗaya. Giram 75: kwata uku da babban cokali 2. Giram 100: kofi ɗaya da babban cokali 3.

Tsofaffin littattafan Ingila da na Amurka suna rubuta oz, wato oza. Oza ɗaya giram 28 ce, kuma sa'a ta sa ta faɗo daidai sulusin kofi na koko. Oza 3 kofi ɗaya ke nan. Amma ki kula, oz ɗin da ke jikin jug na ruwa ne, kusan mil 30, in kin zuba koko zuwa layin 1 oz abin da kika samu wajen giram 10 ne kawai. Haka kuma jug ɗin da aka zana wa layin giram na fulawa ko na sukari, babu layin da ya dace da koko a cikinsu.

MATAKI NA 6: KI FITAR DA LAMBAR GIDANKI

Minti goma ne, sau ɗaya, kuma ya fi duk jadawalin da ke sama daraja. Ko aron sikeli za ki yi, ki yi.

Ki ɗora sikelin a kan tebur mai ƙarfi da ba ya rawa, ba kan tabarma ko katifa ba. Ki tabbatar yana kan g, domin wasu suna da ml da oz, taɓa maɓalli ɗaya yana canza su. Ki fara gwada gaskiyarsa: ki ɗora sabuwar ledar sukari ko gishiri da aka rubuta nauyinta a jiki, ki ga ko sun yi kusa. In lambobin suna tsalle ba dalili, yawanci batir ne ko iskar fanka.

Ki ɗora kofin ba komai, ki danna maɓallin da aka rubuta wa TARE ko ZERO, nauyin kofin zai koma sifili. Ki sauke, ki cika shi kamar mataki na 3, ki mayar, ki rubuta. Ki juye, ki sake motsa garin, ki maimaita har sau uku. Ki haɗa ukun ki raba da uku. In kin samu 83, 87 da 85, lambarki 85. In kin samu 80 yanzu, an jima 98, laifin ba na sikeli ba ne, hannunki ne bai zauna ba tukuna, ki sake.

Wajen cokali, kada ki auna guda ɗaya. Sikelin kicin ba ya jin giram biyu ko uku sosai, wani lokaci ki zuba ya ƙi motsi. Ki zuba shafaffun cokali goma a kwano, ki raba da goma.

Na yi wannan gwajin da wata yarinya da take koyo a wurina. Kofi ɗaya, bokiti ɗaya, ni na samu 84, ita 103. Ta rantse ba ta danna ba. Na ce ta sake ina kallo, sai na ga duk cokalin da ta zuba takan ɗan taɓa saman garin da bayansa, kamar mai lallashin yaro. Ta ce, "Anti, wallahi ban san ina yi ba." Tun ranar na daina ba wa masu koyo resipi da kofi sai mun yi wannan zaman.

MATAKI NA 7: IN BABU KOFIN AWO KO BABU SIKELI

Lamba ɗaya za ki riƙe: kowane mil ɗaya na mazubi yana ɗaukar koko kamar giram 0.35. Wato in kin san yawan ruwan da mazubi yake ci, ki ɗauki sulusinsa ki ɗan ƙara, kin samu giram ɗin koko. Mazubi mai mil 100, giram 35. Mai mil 200, giram 70.

Gwangwanin madarar ruwa shi ne kofin awon gidajenmu tun iyaye. Ƙaramin da aka saba da shi yana cin wajen mil 160, sai dai kamfanoni sun sha rage girma, kuma yadda aka yanke bakinsa ma yana canza shi, don haka ki gwada naki. Ki sayi sabon sirinji mai mil 20 a kemis, ki cire allurar, ki riƙa zuba ruwa kina ƙirgawa har ya cika. In babu sirinji, ledar fiya wata mil 500 aka rubuta mata. In ta cika gwangwanin sau uku ta rage ɗan kaɗan, to yana wajen 160. Wannan kintace ne, don ba kowace leda ake cikawa daidai ba, amma ya fi babu. Gwangwani mai 160 yana ɗaukar koko giram 56, kusan kashi biyu cikin uku na kofi. Gwangwani ɗaya da rabi shi ne kofi ɗaya. Ki yanke murfin gaba ɗaya ki daddanne bakin, don wuƙa ta samu hanyar shafewa, kuma ya bushe ƙarau kafin gari ya shiga.

Kina iya ƙera kofinki. Ki samu robar ruwa mai miƙaƙƙen jiki, ki zuba sirinji 12 na mil 20, ki zana layi inda ruwan ya tsaya, ki zubar, ki yanke robar a kan layin da almakashi. Yankewar ce muhimmiya, domin layi a tsakiyar roba ba ya shafuwa, sai kin girgiza garin ya daidaita, girgizawar kuwa ita muke gudu.

A madadin cokalin awo, ɗan kofin da ke zuwa da maganin ruwa na yara yana da layin mil 5 da 10, wasu har 15. Ki wanke shi da kyau ki shanya, warin magani yana kama koko.

MATAKI NA 8: IN ZA KI NINKA

Kek ɗaya na gida yana jure ɗan kuskure. Odar biki ba ta jurewa, don kuskuren ma ninkuwa yake. A ce resipi yana son kwata uku na kofi, za ki yi shi sau shida. Ki fara mayar da shi giram, 64, sannan ki ninka, 384, ki auna a kwano ɗaya ki huta. In kika tsaya dumbuzo kofi mai giram 100, kwata uku ya zama 75, sau shida 450. Kin zuba rarar giram 66, ya fi awon kek guda cur, ga ɗaci ga asara.

Asarar kuma ba ta wasa ba ce. Kokon nan a Ondo da Osun da Kuros Riba ake nomansa, har da wani yanki na Taraba, amma farashinsa kasuwar duniya yake bi. A 2024, da amfanin gona ya gaza a Gana da Kwaddibuwa, tan ɗaya ya haura dala 10,000, mu da muke sayen kwata-kwatan kilo a Bauchi ma mun ji a jikinmu. Wajen lissafin sayayya: giram 250 kofi 3 ne ba kaɗan, giram 500 kusan kofi 6, kilo ɗaya kofi 11 da kwata uku. In kilonki yana ƙarewa a kofi tara, ko dai hannunki ya yi nauyi ko mai shago ya rage miki awo, ki ɗora ledar a sikeli tun kafin ki buɗe.

MATAKI NA 9: IN ZA KI CANZA WANI ABU DA WANI

Garin koko iri biyu ne. Akwai na asali, mai haske, ruwan ƙasa mai ɗan ja, yana da tsami-tsami. Akwai kuma wanda aka kashe wa tsamin da sinadari dangin kanwa, kamar dai yadda muke jefa kanwa a miyar yakuwa. Shi ya fi duhu da taushin ɗanɗano, a jikin gwangwani za ki ga an rubuta Dutch, don a Holan aka fara shi, a gidan Van Houten, waɗanda suka fito da injin matse man koko a 1828. Wajen awo ki yi musu lamba ɗaya, bambancin nauyinsu bai kai na hannu ba. Inda suka rabu shi ne wajen tashin kek. Bekin soda tana buƙatar abu mai tsami kafin ta yi aiki, saboda haka ita abokiyar na asali ce. Mai duhun kuma da bekin fauda yake tafiya. In resipi soda kaɗai ya ce, babu nono ko yogot ko lemon tsami a ciki, kika sa mai duhu, kek ba zai tashi yadda ya kamata ba kuma za ki ji wani ɗanɗano kamar sabulu. Awonki daidai ne, irin kokon ne bai dace ba.

Milo da Bournvita ba garin koko ba ne, abin sha ne, ki karanta jikin gwangwanin za ki ga sukari da madara da sauransu, koko wani kaso ne kawai a ciki. Babu lamba ɗaya a wannan rubutun da ta shafe su. In dole ta sa, ki rage sukarin resipin, kuma ki sa a ranki kek ɗin zai fito da haske, ƙamshin cakulan ɗin sama-sama. Haka kokon da ake ƙullawa a farar leda ba suna: ki lasa kafin ki saya. Zalla yana da ɗaci kuma yana ɗaure baki. In kin ji zaƙi ko ƙurus-ƙurus a haƙori, an haɗa shi da wani abu, nauyinsa a kofi zai fi 85.

In resipi ya nemi sandar cakulan marar sukari ba ki da ita, babban cokali 3 na koko da babban cokali 1 na bota ko mai suna tsayawa a madadin giram 28.

In kuma farin kek ɗinki kike so ki mayar na cakulan, ki yi musanyar da giram. Ni a fulawa giram 250 nakan cire 40, in mayar da koko 40, in ƙara madara babban cokali biyu ko uku saboda koko ya fi fulawa shan ruwa. Ki lura, fulawa giram 40 sulusin kofi ce, koko giram 40 kuwa rabin kofi ne ba kaɗan. In kin cire sulusi kin mayar da sulusi, koko giram 28 kawai ya shiga, ƙullun zai ɗan yi ruwa, launin ma ya yi fari-fari.

Ragowar garin ki zuba a mazubi mai murfi da ke rufuwa gam, nesa da murhu da daddawa da kayan yaji, don yana ɗaukar wari. Kada ki sa a firij, da irin wutarmu mai zuwa tana ɗaukewa, zufar da mazubin zai yi ita za ta curar da shi. Ni a murfin bokitina na manna takarda na rubuta nauyin kofina da na cokalina da ranar da na gwada. In na canza kamfani nakan sake gwajin mataki na 6, haka ma in damina ta yi nisa garin ya fara nauyi a cokali, sai in soke tsohuwar lambar in rubuta sabuwa a ƙarƙashinta.